Waldar TIG da zaɓen kayan aikinta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan sha daga yaran shago, da abokan sana'a da suka goge a waldar sanda suna son ƙara ta agon, da masu shirin zuba jari a inji. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, na kuma sa musu lamba don a ji daɗin komawa daga wata zuwa wata.

1. Mece ce waldar TIG, kuma me ya sa ake ce mata waldar agon?

TIG taƙaitawa ce ta Tungsten Inert Gas. Walda ce da ake tayar da wutar lantarki tsakanin bakin wani siririn tsinke na ƙarfen tangistin da abin da ake son haɗawa. Tsinken ba ya narkewa ya shiga aikin kamar sandar walda, domin tangistin sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke. Aikinsa kawai ya riƙe wutar. Idan wurin yana bukatar ciko, mai walda ne zai riƙa tura wayar ciko da ɗaya hannun, ɗigo bayan ɗigo. A duk tsawon aikin iskar agon tana fitowa daga bakin toci, wato abin da mai walda ke riƙewa mai ɗauke da tsinken, tana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iskar gari ta taɓa shi. Daga nan sunan ya samo asali a bakin mutanenmu.

An ƙirƙiro ta a Amurka a farkon shekarun 1940. Russell Meredith na kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop shi ya samar da ita don haɗa magniziyam, kuma da iskar hiliyam ya fara, shi ya sa tsofaffin littattafai ke kiran ta Heliarc. A takardun gwaji da na kwangila za ka ga an rubuta GTAW. Duk abu ɗaya ne.

2. Ina da injin sanda, yana ciyar da ni. Me TIG za ta ƙara mini?

Za ta buɗe maka ƙofar aikin da sanda ba ta iyawa: sitenles mai siririn jiki, alminiyon, jan ƙarfe, bututun da dole cikinsa ya fito sumul, da duk aikin da ido zai kalla. Ba ta da tartsatsi, ba ta barin ɓawon da za a faffasa da guduma. Makarin bene na sitenles, tukwanen masana'antar yogot da ta ruwan leda, kayan kicin na otal, murfin injin babur da ya tsage, duk gonarta ce. A aikin bututun mai da gas ma, sau da yawa da ita ake yin zagayen farko na ciki kafin a cike da sanda.

Amma gaskiya ɗaya ce: tana da nawa, tana cin gas, kuma ba ta yafe datti. Wanda aikinsa ƙofofi ne da tagogin baƙin ƙarfe da rumfunan kwano, ya riƙe injin sandarsa da hannu biyu. Asara ce a ƙona agon a kan ƙofar da za a shafe da fenti.

3. Inji mai DC kaɗai zan saya ko mai AC da DC?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma aikin da ke zuwa ƙofarka ne zai amsa ta. DC wuta ce mai gudu ta fuska ɗaya, AC kuma mai kai da komo. Inji mai DC kaɗai yana haɗa baƙin ƙarfe, sitenles, jan ƙarfe da taitaniyam. Idan har kana sa ran taɓa alminiyon, sai mai AC da DC, wanda ya fi tsada sosai. Babu wata dabara da za ta mayar da ƙaramin injin DC ya yi maka aikin alminiyon mai kyau, ko da mai shago ya rantse maka. Dalilin yana amsa ta 4.

Shawarata ita ce ka zauna ka tuna ayyukan da ka mayar cikin wata shida saboda ba ka da kayan yin su. In yawancinsu sitenles ne, sayi DC mai kyau, ragowar kuɗin ka sa a tukunyar gas da hular kare ido ta kirki. In kana kusa da garejin makanikai, inda kullum ake kawo fasasshen alminiyon, ka yi haƙuri ka tara kuɗin AC.

4. Me ya sa alminiyon ya fita daban?

Saboda fatar da ke bayansa. Da zarar alminiyon ya sha iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ido ba ya gani. Shi kansa ƙarfen yana narkewa a digiri 660, ita kuwa fatar sai an haura digiri 2,000. Shi ya sa mai koyo zai ga saman yana nan ƙiƙam, can ciki kuwa ya zama ruwa, kafin ya ankara wurin ya rufta ya bar rami. Wutar AC tana kai da komo: rabin zagayenta yana farfasa fatar, ɗaya rabin yana narka ƙarfen. Idan ka duba gefen walda mai kyau za ka ga wani farin zane kamar an barbaɗa gari, wannan shi ne sawun sharar.

Injinan zamani suna da maɓallin daidaita wannan rabo. Ka fara da kusan kashi 30 cikin 100 na shara, 70 na narkarwa. Idan aikin tsohon kayan inji ne da ya sha baƙin mai, ƙara shara kaɗan. Idan bakin tangistin ya fara kumbura yana rawa, ka rage. Ka lura, wasu injinan lambar da ke jikin maɓallin ta shara ce, wasu kuma ta narkarwa, don haka ka karanta ɗan littafin injin.

Kuma ba duk farin ƙarfe mara nauyi ne alminiyon ba. Ka kankare wuri kaɗan ka ɗiga ruwan kal: in ya yi kumfa, magniziyam ne, wayar alminiyon ba za ta kama shi ba.

5. Amfiya nawa ya kamata injina ya kai?

Ƙa'idar da ake farawa da ita ita ce kusan amfiya 40 (amfiya ma'aunin ƙarfin wutar walda ce) ga kowane milimita ɗaya na kaurin baƙin ƙarfe. Sitenles yana son ƙasa da haka, wajen 30, domin yana riƙe zafi a wuri ɗaya. Alminiyon yana son fiye, domin yana tsotse zafi ya watsa shi ko'ina. Ke nan inji mai amfiya 200 ya ishi yawancin ƙananan shaguna, har zuwa alminiyon mai kaurin milimita 5 ko kusa da haka. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasan ma'aunin. Bututun makarin bene wani lokaci bai kai milimita ɗaya ba, saboda haka injin da zai iya sauka zuwa amfiya 5 ko 10 wutarsa ba ta rawa ya fi mini daraja a kan wanda aka rubuta wa 400 a kwali.

Sai ka juya bayan injin ka karanta farantin bayanansa. Za ka ga kaso cikin ɗari a gefen kowane adadin amfiya. Ma'anarsa minti nawa cikin goma injin zai yi aiki kafin ya nemi hutu. In an rubuta 35% a amfiya 200, minti uku da rabi ke nan na aiki, shida da rabi na shan iska. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce a yi wannan gwajin a zafin digiri 40. Ka nemi wannan lambar a farantin, domin a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ƙarƙashin rumfar kwano, zafin yakan wuce haka.

6. Zan iya ɗaura tocin TIG a kan inbatar sandata, wato ƙaramin injin walda na zamani mai allon lantarki?

Za ka iya, kuma da yawa daga cikinmu da haka muka fara. Ka sayi toci mai famfon gas a wuyansa, ka sa shi a ramin da ke da alamar ragi, wayar at, wato wadda ake maƙalawa a jikin aiki, kuma a ramin da ke da alamar ƙari. In ka juya su, bakin tangistin zai narke nan take. Za ka riƙa tayar da wuta ta hanyar ƙyasta tsinken kamar ashana. Illarsa ita ce bakin yana yawan lalacewa, yana barin ɗan gutsure a cikin aikin, kuma in ka manta ba ka buɗe famfon gas ba, ka ɓata wurin.

Sama da wannan akwai injin da ake ɗora tsinken a hankali a ɗaga, wutar ta tashi da kanta. Sama da shi kuma akwai mai HF, wanda da ka danna maɓalli wuta za ta yi tsalle ba tare da tsinken ya taɓa komai ba, injin kuma shi ke buɗe gas da rufewa. Wanda zai sayi sabon inji don TIG, kada ya sayi mara HF. Sai dai HF yana iya rikita na'urorin lantarki da ke kusa, don haka ka yi hattara da kwamfutar mota idan aikin yana jikinta.

7. Janaretana zai ja shi?

Ga inbata mai amfiya 200, ka nemi janareta da bai gaza 7 kVA ba, mai na'urar daidaita wuta ta AVR. Ba ƙarancin ƙarfi kaɗai ke kashe inbata ba, har da yadda wuta ke yin sama farat ɗaya lokacin da ka saki maɓalli. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kashe inji kafin ka kashe janareta. A wutar nefa kuma, doguwar siririyar waya tana rage ƙarfin wuta kafin ta iso. Ka sa mai kauri, gajera, kuma ka warware ta daga kan faifanta.

8. Wane gas zan saya, kuma nawa zan buɗe?

Agon zalla. Ba iskar oksijin ta masu waldar kabaid ba, ba kuma haɗin agon da CO2 da masu waldar MIG, wadda inji ke tura waya da kansa, ke amfani da shi ba. Wannan na biyun ya taɓa cin mini yini guda. Na aika aka ciko mini tukunya, na zauna kan wani aikin sitenles, sai ga wutar tana tofi, bakin tangistin yana yin baƙi cikin daƙiƙa kaɗan, waldar tana fitowa toka-toka da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Na wasa tsinke ya fi sau goma, na canja kofin bakin toci da gas ke fita ta cikinsa, na kwance tiyo na mayar. Sai da la'asar na sunkuya na goge ƙurar da ke wuyan tukunyar, na ga takardar da aka manna: haɗi ne aka ba ni. A tsarin Turai kafaɗar tukunyar agon kore ce mai duhu, ta haɗin kuma kore mai haske, ga shi fenti yana koɗewa. Tun daga ranar takarda nake karantawa, kuma nakan gwada a guntun ƙarfe kafin mai kawowa ya tafi.

Ka sayi rigileta mai gilashi da ƙwallo a ciki, wanda ke nuna lita nawa ke fita a minti. Lita 6 zuwa 10 sun isa yawancin aiki. Buɗewa fiye da kima ba ƙarin kariya ba ne, gas ɗin yana yin guguwa ya jawo iskar gari ciki. Don lissafin kuɗi: tukunya mai lita 40 da aka cika har matsin gas ya kai bar 150 tana ɗauke da kusan lita 6,000 na gas, wato awa goma sha biyu da ɗoriya na wuta a kunne in kana sakin lita 8. Ka sa wannan cikin farashin da za ka faɗa wa mai aiki.

Bayan ka kashe wuta, ka bar tocin a wurin gas ya ci gaba da zuba, kusan daƙiƙa ɗaya ga kowace amfiya 10. Masu rowar wannan ɗan gas su ne ke yawan sayen tangistin.

9. Launukan da ke gindin tangistin fa, me suke nufi?

Suna nuna abin da aka gauraya a ciki. Kore tangistin ne zalla, na tsofaffin injinan taransifoma ne a kan alminiyon, bai dace da inbata ba. Ja yana da toriyam kashi 2, yana da kyau a DC, amma toriyam yana fitar da ɗan tururin nukiliya, kuma ƙurarsa lokacin wasawa ba abin shaƙa ba ce. Ruwan toka yana da siriyam, ya dace da ƙaramar wuta. Shuɗi da ruwan zinare suna da lantanam, suna aiki a DC da AC duka.

In ana son a taƙaita wahala, a sayi shuɗi a girma biyu: milimita 1.6 don aikin da bai wuce amfiya 120 ko kusa da haka ba, da 2.4 don abin da ya haura, har zuwa ƙarshen injin 200. Ni abin da ke aljihun rigata ke nan.

10. Yaya ake wasa bakinsa?

A tsaye, ba a kwance ba. Ka riƙe tsinken yadda zanen dutsen zai bi tsawonsa zuwa tsini, kana murza shi da yatsu. In zanen ya zagaye shi kamar zobe, wutar za ta riƙa yawo. Tsawon tsinin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurin tsinken, sannan ka ɗan dakushe ƙarshen kaɗan, musamman a AC. Ka ware dutse ɗaya don wannan aikin kaɗai. Duk lokacin da bakin ya tsoma cikin narkakken ƙarfe ko waya ta taɓa shi, tsaya ka sake wasawa. Mai koyo ya wasa guda biyar ko shida ya ajiye a gefe tun da safe.

11. Wane toci da wane kofi?

Tocin da iska ke sanyayawa iri uku ne aka fi gani: lamba 9 mai ɗaukar amfiya 125, lamba 17 mai 150, da lamba 26 mai 200. Yawancin injina da 26 suke zuwa, mai nauyi ne da taurin waya, kuma yana gajiyar da wuyan hannu a ƙananan ayyuka. Lamba 17 mai wuyan da ke lanƙwasuwa ya fi daɗin riƙo a aikin sitenles. Masu ruwa a ciki, lamba 20 da 18, na wanda ke wuni kan alminiyon mai kauri ne, kuma sai da injin zagaya ruwa.

Lambar kofi tana nuna faɗin bakinsa. Lamba 6 kusan milimita 10 ne. Daga 5 zuwa 8 sun wadatar. Kada tsinken ya leƙo waje fiye da faɗin bakin kofin. Akwai wani ɗan mariƙin tsinke mai raga a ciki da ke tace gas ya fito a miƙe. Kuɗinsa kaɗan ne, amma bambancin da yake kawowa a launin sitenles sai wanda ya gani. Dubi amsa ta 13.

12. Wace wayar ciko ce ta kowane ƙarfe?

Baƙin ƙarfe: ER70S-2 ko ER70S-6. Sitenles 304: ER308L. Sitenles 316: ER316L. Haɗa sitenles da baƙin ƙarfe: ER309L. Alminiyon: ER4043, mai silikon, tana gudu da kyau kuma ta dace da kayan da aka zuba a ƙira, ko ER5356, mai magniziyam, wadda ta fi ƙarfi. Ana buga lambar a jikin wayar kusa da ƙarshenta. Ka guji al'adar fasa ɓawon sandar walda a yi ciko da cikinta, ko amfani da wayar kabaid: su ne uwar ramuka.

13. Sitenles ɗina yana fitowa baƙi, na wasu kuma kamar zinare. Ina matsalar?

Zafi ya yi yawa, ko gas bai rufe ba. Launi ma'auni ne: fari da ruwan zinare lafiya lau, shuɗi ya fara zafi, toka da baƙi ya ƙone, kuma wurin da ya ƙone shi ke fara tsatsa. Abin da zai ba ka mamaki, yawanci ba yawan amfiya ke jawo haka ba, jinkirin hannu ne. Mai tsoro yakan rage wuta ya tsaya yana jiran ƙarfe ya narke, zafi kuwa yana ta taruwa. Ƙara wuta kaɗan ka yi sauri. Ka riƙe tazarar milimita 2 ko ƙasa tsakanin tsini da aiki, tocin ya ɗan kishingiɗa kaɗan kawai, bakin wayar ciko kuma kada ya fita daga inuwar gas. Guntun jan ƙarfe ko alminiyon a bayan aikin yana tsotse zafi.

In bututu ne da abinci, madara ko ruwan sha zai bi, bayan waldar ma yana bukatar gas. Ba tare da shi ba cikin zai yi ƙuraje baƙaƙe masu kaushi, inda datti zai maƙale. Ana toshe bakunan bututun biyu, a zura tiyon agon ta ɗaya, a bar ƙaramar kafa ta ɗayan, a jira iska ta fita kafin a tayar da wuta. Wannan wurin ba na yarda a yi ha'inci a cikinsa, domin mai aikin ba zai gani ba, amma yaran da za su sha abin su za su kwasa.

14. Gas ɗina mai kyau ne, amma ramuka ba su daina ba.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Farko iska: fanka, ko iskar hunturu da ke ratsa shago, tana kwashe agon daga bakin kofi. Ka kafa kariya da kwano ko katako. Na biyu yoyo: shafa ruwan sabulu a duk mahaɗin tiyo, ka duba ƙaramar robar da ke murfin bayan toci. Na uku datti, wanda shi ya fi yawa. Baƙin ƙarfe sai an goge baƙar fatarsa da tsatsa har ya yi ƙyalli. Alminiyon a fara goge shi da asiton, sannan burushin sitenles da ba a taɓa sa shi a wani ƙarfe ba. Wayar ciko ma a share ta, ƙurar hunturu tana kwanciya a kanta. In duk wannan bai yi ba, koma amsa ta 8.

15. Tunda ba ta da hayaƙi sosai, tana da haɗari?

Tana da shi, kuma rashin hayaƙin ne ke yaudarar mutane. Haskenta yana ƙona fata kamar an zuba ruwan zafi. Mai walda da ƙaramar riga zai kwana da wuya da damtse suna raɗaɗi. Doguwar rigar auduga, a ɓalle maɓallin wuya, da safar hannu ta fata mai laushi. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Ka sayi hula mai duhunta kanta, mai lambar duhu 9 zuwa 13, kuma ka tabbatar tana ganin ƙaramar wuta, domin masu araha sukan washe ana tsakiyar aiki.

Agon ba shi da wari, kuma ya fi iska nauyi. A cikin tanki ko rami yana taruwa ya kori iskar numfashi, mutum ya faɗi ba tare da ya ji komai ba. Kada kowa ya shiga irin wannan wuri shi kaɗai ko ba iska mai zagayawa. Kada a wanke aiki da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin hasken walda yana mayar da shi guba mai kisa da ake kira fosjin. Hayaƙin sitenles da na ƙarfe mai rufin zinki ma a kauce musu. Tukunyar gas kuma a ɗaure ta da sarƙa a tsaye.

16. Na shirya saye. Me zan duba a gaban mai shago, musamman in na hannu ne?

Ka tafi da guntayen ƙarfenka: siririn sitenles, da alminiyon in mai AC ne. Ka ce a haɗa gas a kunna. Sauke wutar zuwa ƙasa ka ga ko tana tsayawa cak. Danna maɓalli sau goma a jere ka ga ko HF yana kamawa kowane karo. Saurari ƙarar buɗewa da rufewar gas, ka tabbatar yana ci gaba da zuba bayan wuta ta mutu. Duba ko akwai maɓallin sauke wuta a hankali a ƙarshen walda, domin shi ke hana ramin da ke tsagewa, da kuma ramin sa fedar da ake takawa don ƙara wuta ko rage ta in za ka yi alminiyon. A na hannu, ka leƙa ta ragar fanka: ƙurar ƙarfe da ta yi kauri a kan allon lantarki alama ce ta injin da ba a kula da shi ba. Wanda aka shigo da shi daga Amurka kuma ka tabbatar yana karɓar wuta 230, ba 110 kaɗai ba.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi wa mai shago ita ce wa ke gyara irin wannan injin a garin, kuma ana samun allonsa. Sannan ka lissafa sauran kaya kafin ka biya: tukunya da cikonta, rigileta, hula, safar hannu, fakitin tangistin, kofuna da mariƙan tsinke na canji, waya kilo ɗaya ko biyu, burushi da asiton. Kofuna ka sayi da yawa, na tangaran ne, da sun faɗo daga kan benci sun fashe.